Shin yarda da cewa harsuna sun samo asali daga junansu ya saɓa wa Alƙur'ani?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin nazarin harshe ne. Ana koya mana cewa harsunan duniya sun tsiro ne daga junansu a hankali. Wani abokina ya ce yarda da haka ƙaryata Alƙur'ani ne, tunda Larabci Allah Ya koya wa Annabi Adamu. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, abin da ya wajaba ka ƙudurce shi ne Allah ne Ya ba ɗan Adam baiwar magana. A Suratur Rahman Ya ce Ya halicci mutum, Ya sanar da shi bayani, kuma a Baƙara aya ta 31 Ya ce Ya sanar da Adamu sunaye dukkansu. Wanda ya musanta wannan ya ƙaryata nassi. Amma ayar ba ta ambaci wane harshe ba ne, kuma hadisin da ake yawo da shi cewa Larabci ne harshen 'yan Aljanna bai inganta ba.

Malamanmu sun yi saɓani a wannan mas'ala tun da daɗewa. Ibn Faris, wanda ya rasu a 395 bayan Hijira, yana ganin harshe koyarwar Allah ce kai tsaye. Abu Hashim al-Jubba'i ya ce mutane ne suka yi ittifaƙi a kan kalmomi. Abu Ishaƙ al-Isfarayini ya haɗa biyun: farkon daga Allah, ragowar kuma tana iya zama ta mutane. Baƙillani ya ƙi yanke hukunci saboda babu dalili yankakke. Ka ga ke nan mas'alar ijtihadi ce, ba ta kafirta juna ba.

Canjawar harsuna kuwa abu ne da ido ke gani. Faransanci da Italiyanci daga Latin suka fito, rubuce-rubucensu na nan. Ibn Hazm, wanda ya rasu a 456, ya lura cewa Larabci da Ibrananci da Siryananci harshe ɗaya ne da ya sassauya saboda rabuwar mazauni, ya kuma ce ba mu san da wane harshe Annabi Adamu ya yi magana ba. Allah da kanSa Ya sanya bambancin harsunanmu cikin ayoyinSa a Suratur Rum aya ta 22. Yau akwai harsuna kusan 7,000, kuma bincika yadda suka rarrabu nazari ne cikin wannan ayar.

Inda za ka tsaya shi ne idan aka ce magana ta faro ne daga kukan dabbobi ba tare da Mahalicci ba. Wannan zato ne, domin kwatanta harsuna ba ya kai mai bincike ga mutumin farko.

Saboda haka karatunka halal ne. Ka faɗa wa abokinka cikin lumana cewa darajar Larabci ta tabbata da saukar Alƙur'ani da shi, ba ta buƙatar da'awar da ba ta da hujja. Allah ne Mafi sani.