Amsa ga mai tambayar man da ya dace da bak-aksil ɗin Hilux

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce bakanikenka ya ce a zuba wa aksil ɗin Hilux ɗinka man giya mai lamba 140 saboda ta fara kuka, kai kuma a littafin motar 90 ka gani. To, na yi shekaru ina jan Hiace daga tashar Kawo ta Kaduna zuwa Kano, kuma wannan shawarar ta taɓa cin kuɗina.

Kafin ka kalli lambar kauri, juya galan ɗin ka nemi inda aka rubuta GL-5, wato ajin man giyan da ake zuba wa aksil. Haƙoran da ke cikin aksil gugar juna suke yi da ƙarfi, ba juyawa kawai ba, shi ya sa ake sa wa man nasu sinadarin farar wuta, wanda shi ne warin nan da ke bugun hanci idan an buɗe. GL-4 na giyabos ne. Akwai giyabos ɗin da GL-5 ke ci wa zobban tagulla, don haka kada ka bari a ce maka ai duk man giya ne. Baƙin mai kuwa ko kusa.

Maganar kauri, 80W-90 ya ishe ka idan zirga-zirgar gari ce da ɗan zuwa ƙauye. 85W-140 na masu lodi ne, irin wanda ke ɗauko buhunan masara daga Saminaka da zafin rana. Amma kaurin mai ba ya maganin kuka, rufe shi kawai yake yi. Ni haka aka yi mini: wani bakanike ya aiki yaronsa ya auno 140 a gorar ruwa, kukan ya lafa, na ɗauka an gama. Ba a yi wata biyu ba ta dawo da gurnani muna gab da Zariya. Da aka kwance notin ƙasa na juye mai, maganaɗisun da ke jikinsa ya cika da ɓarɓashin ƙarfe kamar tsakin masara. Boris ne ya mutu tun farko, ya ja haƙoran suka bi shi. Sai da na shiga kasuwar Panteka neman wani aksil ɗin.

Saboda haka ka tsaya a wurin ranar da za a juye man. Baƙin laushi kaɗan a jikin noti ba komai ba ne. Idan man ya fito kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, abin da ba wuya ga wanda ke ratsa kwata da damina.

A fara kwance notin sama kafin na ƙasa, don idan ya cije bayan an juye mai, nan motarka za ta kwana. A zuba har sai ya fara tsiyayowa ta bakin ramin.

Af, ka duba ko akwai tambarin LSD a jikin aksil ɗin, wato irin aksil ɗin da ke rage wa taya ɗaya juyawa ita kaɗai a santsi. In akwai, sai man da aka rubuta wa LS, in ba haka ba za ka riƙa jin ƙas-ƙas a kwana. Kuma ka sayi man da ke da sil da hannunka, a fasa a gabanka.