Daga Yamai zuwa Jidda: awa nawa tsohuwata za ta yi a sama?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifiyata za ta tafi Umra daga Tawa, shekarunta sun haura 65, tana da hawan jini. An ce mana tafiyar kwana ce guda a cikin jirgi, hankalina ya tashi. Wata maƙwabciya ta ce kada ta sha ruwa, a kuma saya mata ƙwayar barci. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Tsakanin Yamai da Jidda kilomita wajen 4,000 ne a miƙe, jirgi kuma yana cin kilomita 800 da ɗoriya a awa. In ya tashi daga filin Diori Hamani bai ya da zango ba, awa biyar zuwa shida ne. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 jirage suna kewaye sararin ƙasar, wannan kan ƙara lokaci. Masu cewa kwana guda, waɗanda suka bi ta Adis Ababa ko Istanbul ne suka zauna jiran wani jirgin. Agogon Saudiyya kuma yana gaban namu da awa biyu, shi ya sa lissafin tikiti ke rikita mutane.

Maganar maƙwabciyarku ce ta dame ni, don kullum sai na ji ta. Tsofaffi suna ƙaurace wa ruwa tun daga gida wai kunyar shiga bayin jirgi, sai su naɗe ƙafa a kujera kamar an dasa su. Iskar cikin jirgi busasshiya ce kamar ta hunturu. Zaman da ya wuce awa huɗu ba motsi yana iya sa jini ya daskare a jijiyar sha-raɓa, gudan jinin nan kuwa in ya ɓalle ya kai huhu, yana iya kisa. Ga shi kafin jirgin ma Hajiya za ta sha zaman bas na kilomita sama da 500 daga Tawa zuwa Yamai. A kan wannan ne za a ƙara mata ƙwayar barci ta masu talla a faranti, wadda ta yini tana gasuwa a rana, mai sayarwar bai ma iya karanta sunanta ba? Haba! Wanda bai taɓa auna jinin kowa ba shi ne yau yake rubuta wa alhazai magani.

Ta sha ruwa a kai a kai. A nema mata kujerar bakin hanya, ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa, in tana zaune ta dinga murza idon sawu. Maganin hawan jininta ya kasance cikin jakar hannu, ba cikin akwatin da za a loda ba. In bayan sauka ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi mata wuya, a kai ta asibiti nan take, ɗawafi ya jira.