Me za mu tura wa ɗan jarida game da ƙungiyarmu ta waƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu biyar ne a Zariya, muna waƙa da fiyano da kalangu, kuma mun yi waƙoƙi shida a situdiyo. Wani mai gabatar da shiri a rediyo ya ce mu turo masa bayanan ƙungiyarmu kafin ya gayyace mu. Me ake haɗawa a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da yake nema ƙunshi ne guda ɗaya wanda zai buɗe ya san ku, ba sai ya yi ta kiranku yana tambaya ba. Saƙonni ne jibge a wayarsa, don haka wanda ya sauƙaƙa masa aiki shi yake fara sakawa a shiri.

Ku fara da tarihinku a taƙaice, kada ya wuce rabin shafi: sunan ƙungiya, garinku, shekarar da kuka haɗu, sunan kowa da abin da yake yi, da irin waƙarku. A nan ne matasa suka fi yin tuntuɓe. Sai ka ga an cika takarda da kirari, "taurarin Arewa", "waɗanda ba su da na biyu", amma babu labari ko ɗaya. Ɗan jarida ba zai karanta kirarin da kuka yi wa kanku ba. Idan makaɗin kalangunku gadon gidansu ya yi, ku faɗa. Idan a wajen biki kuka haɗu, ku faɗa. Daga irin wannan ne yake samo tambayar da zai buɗe hira da ita. Ku rubuta da Hausa, ku yi wani da Turanci saboda jaridun Abuja da Legas.

Waƙa kuwa, kada ku tura duka shidan. Ku zaɓi biyu, wadda ta fi ƙarfi a gaba, domin sau da yawa ba ya wuce daƙiƙa 30 kafin ya yanke hukunci. Ku sa adireshinsu na Audiomack ko Boomplay ko YouTube, sannan ku ajiye MP3 mai 320 kbps (ma'aunin ingancin sauti) don sakawa a iska.

Hoto yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ku ɗauki biyu, ɗaya da kyamara a tsaye ɗaya da kyamara a kwance, fuskar kowa a fili, ba rubutu ba ado a kai. Jarida irin Aminiya na buƙatar hoto mai 300 dpi (ma'aunin kyan fitowar hoto a bugu) kafin ya fito tas a takarda. Kuma in za ku tura ta WhatsApp, ku tura shi a matsayin fayil, don in aka tura kai tsaye yana matse shi ya dusashe. Ku rubuta sunayenku daga hagu zuwa dama, da sunan mai hoton.

Sauran abu kaɗan ne. Wuraren da kuka taɓa yin wasa, na gaskiya kawai, domin ana bincikawa. Yawan makirfon da kuke buƙata, saboda masu shirya taro. Lambar mutum ɗaya tak, wanda yake ɗaga waya. Ku haɗa rubutun a PDF mai shafi ɗaya ko biyu, ku zuba komai a Google Drive, sannan ku gwada buɗewa da wayar wani kafin ku aika masa.