Dogayen kalmomin Turanci: a haddace su ko a rarraba su?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce daga Tudun Wadan Zariya, ina shirin zana jarrabawar JAMB, burina in karanci likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello. Wani yayana ya turo mini jerin dogayen kalmomin Turanci ta WhatsApp, ya ce duk wanda bai san su ba bai iya Turanci ba. Ta farko ko karanta ta na kasa yi: pneumonoultramicroscopicsilicovolcanoconiosis. Da gaske ita ce mafi tsawo? Me take nufi? Kuma ya kamata in zauna in haddace irinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba da sa'a. Ki kwantar da hankalinki, tsoratar da ke kawai yayan nan naki ya yi.

Kalmar tana da haruffa 45, kuma ita ce aka saba ambatawa a matsayin mafi tsawo a manyan ƙamusoshin Turanci. Sai dai ba a asibiti aka haife ta ba. A 1935 wani Ba'amurke mai suna Everett Smith, shugaban wata ƙungiyar masu wasa ƙwaƙwalwa da kalmomi, ya harhaɗa ta da gangan don ta zarce kowace tsawo. Ma'anar da aka ba ta ita ce ciwon huhu da shaƙar ƙurar dutse mai laushi ke jawowa. Ciwon gaskiya ne, yana kama masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai, amma idan Allah ya kai ki asibitin koyarwa na Shika za ki ji likitoci silicosis suke ce masa, haruffa tara, su wuce wurin.

Amfanin da za ki ci da wannan kalma shi ne ki ga yadda aka ƙera ta. Doguwar kalmar Turanci kamar jirgin ƙasan da ke tsayawa a tashar Sabon Gari take: daga nesa abu ɗaya ne miƙaƙƙe, in kin matso sai ki ga taragu ne aka sarƙa, kowane da kayan da ya ɗauko. Pneumono huhu ne, daga Girkanci. Ultra, abin da ya wuce kima. Micro, ƙanƙani. Scopic, abin da ya shafi dubawa. Silico, ma'adinin da ke cikin yashi da duwatsu. Volcano, dutse mai aman wuta. Coni, ƙura. Osis kuma alama ce ta cuta ko wani yanayi da jiki ya shiga. Gutsure takwas ke nan, kuma biyar ko shida daga ciki za ki ci karo da su a wasu kalmomi ɗaruruwa.

Na tabbata a jerin akwai antidisestablishmentarianism, mai haruffa 28. Wannan tana da tarihi na gaske. A Ingila coci da gwamnati a haɗe suke, sarki ne shugaban Cocin Ingila, wasu bishop-bishop kuma suna da kujeru a majalisar dattawa. A ƙarni na 19 aka yi ta jayayya kan a raba su. A Ailan an raba a 1871, a Wales a 1920, a Ingila kuwa har gobe ba a raba ba. To tsakiyar kalmar establish ce, kafawa. Dis ta juya ta zuwa rushe abin da aka kafa. Ment ta mai da ita suna. Anti ta kawo adawa da rushewar. Arian mai wannan ra'ayi, ism kuma aƙidar kanta. Wato aƙidar masu cewa kada a raba coci da gwamnati. Akwai kuma floccinaucinihilipilification, haruffa 29, ɗaukar abu a matsayin banza. Kalmomin Latin huɗu ne masu nufin abin da bai kai a kula ba aka jera don raha. Wannan ki karanta ki yi dariya ki bar ta a nan.

Me ya sa Turanci ke da irin waɗannan? A 1066 mutanen Nomandi daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na ƙarnoni, Latin kuma na coci da malamai. Daga baya masana kimiyya suka riƙa ɗebo Girkanci da Latin suna raɗa wa sababbin abubuwa suna. Shi ya sa abu ɗaya kan sami suna biyu ko uku: ask ta gida, question ta Faransanci, interrogate ta Latin. Yawanci ta gidan ce gajera, ta aron ce doguwa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya zauna a zauren malamai a cikin birnin Zazzau. Ɗalibin da ya yi sarfu ya san cewa istigfari da magfira da gafara duk tushensu ɗaya, kuma ista a farkon kalma nema take nunawa. Mu ma da gutsuren ma- muke gina makaranta da maƙera da ma'aikaci. Dabarar ɗaya ce.

Tunda likitanci kike so, ga waɗanda suka cancanci shiga littafinki. Cardi zuciya, hepat hanta, nephr ƙoda, derm fata, gastr tumbi, haem jini. Itis kumburi, ectomy yanke abu a fitar, logy fannin ilimi. Hyper ya yi yawa, hypo ya yi ƙasa. Da waɗannan kaɗai kin karanta hepatitis, kumburin hanta, da nephrectomy, cire ƙoda, da hypertension, hawan jini, ba tare da kin buɗe ƙamus ba. Otorhinolaryngology mai haruffa 19 ba komai ba ce illa kunne da hanci da maƙogwaro, sashen da kowa ke kira ENT.

Amma dabarar tana da tarko, ki kiyaye. Gutsuren in- a farkon kalma sau da yawa korewa yake yi, kamar incomplete, wanda bai cika ba. To ki tsaya a Kwangila ki dubi bayan tankokin man da ke wucewa zuwa Kano, za ki ga an rubuta highly inflammable da jan fenti. Wanda ya bi ƙa'ida ido rufe zai ce abin ba ya kamawa da wuta, alhali nufin shi ne yana kamawa nan take. Haka invaluable, ba marar daraja ba ne, abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi ne. Saboda haka ki rarraba kalma ki yi hasashe, sannan ki duba ko jimlar ta yarda da hasashen.

A ganina ma ba dogayen kalmomi ne ke kayar da ɗalibanmu ba. Doguwar kalma galibi ma'ana ɗaya gare ta, in kin san ta kin san ta. Gajerun ne 'yan rikici. Put up with haƙuri da abu ne, put off ɗagewa, put out kashe wuta. Call off sokewa, turn down ƙin amincewa. Babu gutsuren da za ki rarraba ya fitar da ke a nan, sai yawan karatu da saurare. Kuma irin waɗannan ne ke yawan fitowa a sashen da JAMB ke neman kalma mafi kusa a ma'ana ko kishiyarta.

Sai jimlolin ofis da na kotu, waɗanda 'yan harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello masu karatun shari'a da mulki ke kwana da su, ke ma za ki gan su a takardar shiga jami'a. Provisional admission gurbi ne na wucin gadi, sai an tantance takardunki yake tabbata. Notwithstanding, duk da haka. In lieu of, a madadin. With effect from, daga rana kaza. Null and void, rusasshe, ba ya aiki. Kalmomi biyu ne masu nufi ɗaya, lauyoyi na son irin wannan ninki. Hereinafter referred to as, wanda daga nan za a riƙa kira kaza. Subject to availability of funds kuwa, a rubuce yana nufin in kuɗi sun samu, amma duk wanda ya taɓa aikin gwamnati ya san kada ya ci bashi a kansa.

Game da maganar yayanki cewa sanin manyan kalmomi shi ne iya Turanci, ban yarda ba. Muna son mai ɓarin Turanci a ƙasar nan. Patrick Obahiagbon, tsohon ɗan majalisar wakilai daga jihar Edo, da wannan ya yi suna, ana tafa masa ana dariya, amma kaɗan ne za su iya maimaita miki abin da ya ce. Mai duba takardar WAEC ba tafi yake yi ba. Abin da kika faɗa yake nema, da tsarinsa, da dacewar kalmomi, da ingancin rubutu. Kalma mai tsawo da aka saka inda ba muhallinta ba, ko aka kuskure harafi ɗaya a cikinta, maki take ci.

Wajen furtawa, ki karanta gutsure-gutsure a hankali, sannan ki haɗa. Harafin p a farkon pneumonia da psychology ba a furta shi, niyumoniya ake cewa da saikoloji. Kalmar da ta ƙare da tion, ana danna gaɓar da ke gabanin wannan ƙarshen, kamar a examination da administration. Ki samu ƙaramin littafi, duk sabon gutsuren da kika gamu da shi a darasin bayoloji ko kemistiri ki rubuta shi da ma'anarsa da kalmomi uku da ya fito a ciki. Jerin na WhatsApp kuma ki mayar wa yayanki, ki ce ya rarraba miki ta biyun.