Jinyar mai ciwon daji da ya yi nisa: hutun aiki, tafiya waje da kayan da ya kamata a saya

Tambaya: Ni ma'aikaciyar gwamnatin tarayya ce a Katsina. Mahaifiyata tana Daura, kuma likitoci sun ce sankarar mama da take fama da ita ta kai mataki na huɗu, har ta taɓa ƙashin baya. Wata ƙawata da ke Amurka ta ce a can ana bayar da hutun jinyar dangi na wata uku. Shin akwai irinsa a nan, ko kuwa in ajiye aiki in koma gida?

Amsa: Malama, Allah ya ba Hajiya sauƙi, ya sa kaffara ne. Abin da ƙawarki ta faɗa gaskiya ne, amma dokar Amurka ce ta shekarar 1993, wadda ta ba ma'aikaci damar hutun mako 12 a shekara domin jinyar iyaye ko 'ya'ya ko abokin aure. Hutun ba na albashi ba ne, abin da dokar ta lamunce shi ne mutum zai dawo ya tarar da aikinsa, kuma a kamfanoni masu zaman kansu sai wanda ke da ma'aikata 50 ko fiye ta shafa. Dokar ƙwadago ta Najeriya ba ta tanadi irin wannan hutu ba. Abin da ke hannunki shi ne abin da ke cikin ƙa'idojin aikin gwamnati: hutun shekara, wanda kwana 30 ne ga wanda ya kai matakin albashi na 7, da hutun uzuri na 'yan kwanaki, da kuma hutu ba albashi, wanda sai an nema a rubuce an amince.

Shawarata ita ce kada ki ajiye aikin, aƙalla ba yanzu ba. Sankarar mama da ta tsaya a ƙashi ba lallai ne ta zama ciwon wata ɗaya ko biyu ba, domin akwai matan da ke ɗaukar shekaru suna shan magani, wani lokaci su kwanta, wani lokaci su tashi har su halarci suna da biki. Idan kika ajiye aiki a watan farko saboda ruɗewa, kin yanke albashin da za a riƙa sayen magani da shi a wata na goma, alhali ciwon yana nan. Ya fi kyau ki duba yadda maganin yake tafiya, ki auna hutunki a kansa. Yawancin allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, duk bayan mako uku ake yi, kwanakin wahala kuma su ne 'yan kwanakin da ke biye da allurar, lokacin amai da kasala da ƙin abinci. Daga kwana bakwai zuwa sha huɗu bayan allurar garkuwar jiki takan yi ƙasa, kuma zazzaɓin da ya kai 38 a ma'aunin zafin jiki a wannan tsakanin ba na shan Panadol a kwanta ba ne, na komawa asibiti ne a daren. Tun da ciwon ya taɓa ƙashin baya, ki kuma kula da raunin ƙafafu da ya zo farat ɗaya, ko kasa riƙe fitsari, domin alama ce ta danne laka, kuma jinkirin kwana ɗaya yana iya hana ta sake takawa. Waɗannan ne ranakun da ake buƙatarki, su za ki nemi a raba miki hutu a kansu.

Duk abin da za ki nema, ki nema a takarda, ki haɗa da wasiƙar likitan da ke duba ta, ki riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Na san yadda ake yi a ofisoshinmu, shugaba yakan ce "je ki, babu komai, Allah ya sawwaƙe", kuma da zuciya ɗaya yake faɗa. To amma shugabanni ana sauya su, wanda zai zo daga baya kuwa fayil zai buɗe, kuma rashin zuwa aiki ba da izini ba yana cikin manyan laifuffukan da ake kora a kansu.

Ni a ganina ma, maimakon ki koma Daura, ki lallashi Hajiya ta dawo wurinki. Tsakanin garuruwan biyu wajen kilomita 80 ne, tafiyar da ba ta da daɗi ga mai ciwon baya, kuma a shekarar 2025 an buɗe cibiyar kula da masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, bayan shekarun da mutanenmu suka yi suna zarya zuwa Shika ko Sakkwato domin gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura. Tsofaffi ba sa son barin ɗakinsu, na sani, amma a nan za ta samu sauƙin tururuwar masu dubiya, waɗanda kan cika ɗaki tun hantsi har magariba, kowa da maganin da ya ji labari. Ki kuma zaunar da 'yan'uwanki, har da mazan, a raba kwana, domin turo kuɗi ta waya bai sauke wa kowa nauyin kwanan asibiti ba. Ki tambayi sashen jin daɗin marasa lafiya game da Asusun Tallafin Ciwon Daji na gwamnatin tarayya, wanda aka fara da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza a asibitoci shida, ciki har da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Tambaya: Shekarata 48, ina aiki a wani kamfani mai zaman kansa a Katsina. An gano ina da ciwon daji na hanji, ya kuma bazu zuwa hanta. 'Yan'uwa suna cewa in ajiye aiki, a sayar da gonar gado a kai ni Masar ko Indiya. Ina da 'ya'ya ƙanana. Me ya kamata in yi?

Amsa: Malam, Allah ya ba ka lafiya. Kafin a kira dillali, ka koma wurin likitanka ka yi masa tambaya ɗaya ba tare da kunya ba: maganin nan na warkewa ne, ko na rage ciwo da tsawaita kwana? A ciwon hanji da ya je hanta, akwai 'yan tsirarun da ake iya yanke wurin da ya kamu idan bai yi yawa ba, kuma a irin wannan hali tafiya tana iya zama da ma'ana. Ga mafi yawa kuwa, kemo ɗin da za a ba ka a Alƙahira iri ɗaya ne da wanda za a ba ka a Katsina ko Kano, sai dai a can da dala za ka biya, ga kuɗin jirgi da masauki da na ɗan rakiya, sannan maganin ba na zuwa ɗaya ba ne. Hanyar tantancewa ba ta da tsada: a tura hotunan sikan da sakamakon gwajin tsokar da aka ɗiba zuwa asibitin da ake magana, kai tsaye ba ta hannun ɗan kamasho ba, a nemi su rubuto abin da za su yi da kuma adadin kuɗinsa, sannan ka kai wa likitanka na nan ya duba. Idan babu wani abu a ciki da ba a yi a gida, to gonar ta fi amfani ga yaran.

Batun aiki kuma, kada ka rubuta takardar ajiyewa da hannunka. Sashe na 16 na dokar ƙwadago ya tanadi kwana 12 kacal na hutun rashin lafiya da albashi a shekara, bisa shaidar likita, amma kamfanoni da dama suna bayar da fiye da haka, saboda haka ka karanta takardar ɗaukarka aiki da kundin ƙa'idojin kamfanin, ka nemi a rage maka awoyi ko a mayar da kai aikin zaune. Idan jiki ya ƙi, akwai bambanci mai girma tsakanin ajiye aiki da yin ritaya bisa dalilin lafiya. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, wanda ya bar aiki kafin ya cika shekara 50 sai ya jira wata huɗu ba shi da wani aikin, sannan ya iya cirar kashi 25 cikin ɗari na ajiyarsa ta fansho, amma wanda likita ko kwamitin likitoci suka tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba yana da damar yin cikakkiyar ritaya ko da bai kai 50 ba. Ka kuma duba sunan magajin da ke fayil ɗinka, domin mutane da yawa tun suna samari suka cike shi.

Abu ɗaya da ba na so ka jinkirta shi ne neman a haɗa ka da masu kula da rage raɗaɗi. Mutanenmu suna tsoron mofin, wato maganin kashe zafi mai ƙarfi, suna ganin ba a bayar da shi sai an fid da rai, alhali tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin tsarin magance zafin ciwon daji. Idan likita ya rubuta, ana shan sa ne a kan lokaci ba sai zafi ya taso ba, tare da maganin sassauta ciki, domin yana ɗaure bayan gida.

Tambaya: Mahaifinmu ya kwanta, ba ya iya tashi. Mu sayi gadon asibiti ko katifar iska?

Amsa: Idan kuɗin na abu ɗaya ne, ku fara da katifar, domin gyambon kwanciya ne babban abin tsoro, kuma katifa mai famfo da ke sauya iska tana rage shi. Sai dai famfon da wuta yake aiki, saboda haka idan ba ku da sola ko inbata, katifar soso mai kauri da ledar shimfiɗa ta fi muku. Ko wacce kuka saya, ba za ta ɗauke muku juya shi duk bayan awa biyu ba, tare da duba ƙugu da duga-dugai kullum. Gado kuwa, mai hannun juyawa ya isa, ba sai na lantarki ba, kuma ku fara cigiya a dangi da unguwa, domin akan samu gidan da aka gama jinya yana jingine a zaure.