Tafiyar da IPv4 da IPv6 tare a lokacin ƙaura: abin da za ka shirya kafin ka kunna

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya ko zai yiwu ka kunna IPv6, sabuwar ƙa'idar ba na'urori adireshi a intanet, a hanyar sadarwar ma'aikatarku ba tare da ka kashe tsohuwar, wato IPv4, ba, da kuma ko yin hakan zai kawo cikas ga masu aiki. Zai yiwu, kuma ita ce hanyar da mafi yawan masu ƙaura suke bi, domin ƙa'idojin biyu ba sa jin harshen juna: na'urar da ke da IPv4 kaɗai ba ta iya magana kai tsaye da wadda ke da IPv6 kaɗai. Lokacin da ARPANET, hanyar sadarwar da intanet ta samo asali daga gare ta, ta koma ƙa'idojin TCP/IP, an sanya rana guda ce, 1 ga Janairu 1983, amma a wancan zamani kwamfutocin da ke kanta 'yan ɗaruruwa ne. Intanet ta yau ba mai iya sanya mata irin wannan rana, shi ya sa har yanzu ake tafiya da biyun, duk da cewa rumbun adireshin IPv4 na IANA, hukumar da ke raba adireshi ga duniya, ya ƙare tun Fabrairun 2011, na RIPE NCC, mai raba su a Turai da Gabas ta Tsakiya, kuma ya ƙare ƙarƙaf a Nuwamban 2019.

Abin da shekarun da na yi a wannan aiki suka koya mini shi ne, daga ranar da ka kunna IPv6 hanyoyin sadarwa biyu kake riƙe da su a kan waya ɗaya. Kowace tana da adireshinta, da teburin hanyoyinta, da dokokin tsaronta, da irin lalacewarta. Ana cewa taura biyu ba ta taunuwa, to a nan sai ka tauna su tare na tsawon shekaru, don haka dole ka san nauyin da ka ɗauka kafin ka fara.

Inda mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne yadda lalacewar IPv6 take ɓuya. Idan suna yana da rikodin A na IPv4 da rikodin AAAA na IPv6 a DNS, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi ko na'ura zuwa adireshi, kwamfutoci da wayoyin zamani sukan fifita IPv6. A da, idan hanyar IPv6 ta karye, sai mai amfani ya zauna yana jira na daƙiƙu masu yawa kafin manhajar ta koma IPv4. Don magance haka aka fito da dabarar Happy Eyeballs a 2012, aka sabunta ta a 2017: manhaja tana fara gwada IPv6, idan ba ta ji amsa ba cikin kamar kwatan daƙiƙa sai ta gwada IPv4, wanda ya riga amsawa shi za ta bi. Wannan alheri ne ga mai amfani, amma ga mai kula da hanya yana da hatsari, domin IPv6 ɗinka na iya mutuwa na makonni ba wanda ya yi ƙorafi. Sai ranar da wata manhaja marar wannan dabara, kamar tsohon shirin ajiyar bayanai ko wani rubutaccen umarni da ke aiki da dare, ta tsaya cik, sannan a fara neman dalili. Saboda haka nake roƙonka, kafin ka ba ko da kwamfuta ɗaya adireshin IPv6, ka gyara na'urar sa-idonka ta riƙa gwada kowace saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, sau biyu, sau ɗaya ta IPv4 zalla, sau ɗaya ta IPv6 zalla, kuma kowane gwaji ya kasance da ƙararrawarsa daban. Gwajin da ke kiran suna kawai ya bar na'ura ta zaɓi hanya zai ci gaba da nuna maka lafiya ƙalau alhali rabin aikin a kwance yake.

Batun tsaro kuwa ya fi wannan tsanani. A IPv4 da yawanmu mun saba da NAT, wato ɓoye na'urori da yawa a bayan adireshi ɗaya, har muna ɗaukar sa tamkar katanga, alhali ƙarancin adireshi ne ya haifar da shi. A IPv6 kowace na'ura tana iya samun adireshin da duniya ke iya kaiwa gare shi, don haka katangar tsaro ce kaɗai ke tsakaninta da waje. Duk dokar da ka rubuta wa IPv4 sai ka rubuta takwararta ta IPv6. A Linux, iptables ba ya taɓa fakitin IPv6 ko kaɗan, ip6tables ne ke da wannan aiki, shi ya sa na fi son nftables, inda teburin inet ke ɗaukar biyun a wuri guda. Na sha ganin sabar da aka rufe ƙofar shigarta ta SSH, wadda ake sarrafa ta daga nesa ta cikinta, da kyau a IPv4, amma ta IPv6 tana buɗe ga kowa, domin wanda ya rubuta dokokin bai san ma sabar ta samu adireshi na biyu ba.

Amma kada tsoro ya sa ka toshe ICMPv6, wato saƙonnin da na'urori ke aika wa juna kan halin hanya, gaba ɗaya, kamar yadda wasu suka saba yi wa ICMP a IPv4. A IPv6 babu ARP, hanyar da na'urorin IPv4 ke gano maƙwabtansu. Gano maƙwabta da sanarwar rauta, wato na'urar da ke miƙa fakiti daga wata hanya zuwa wata, duk a kan ICMPv6 suke tafiya. Sannan rautocin da ke kan hanya ba sa daddatsa fakitin da ya yi girma, sai dai su jefar da shi su aiko wa mai aikawa saƙon cewa ya yi girma, shi kuma ya rage. Idan katangarka ta haɗiye wannan saƙo, za ka ga alama mai rikitarwa: ping yana tafiya, haɗin farko yana ƙulluwa, ƙaramin shafi yana buɗewa, amma da zarar an zo sauke babban fayil ko shafi mai hotuna sai komai ya daskare ba tare da wani saƙon kuskure ba. Idan ka ga haka, gwada aika fakiti mai girman bait 1280, wanda shi ne mafi ƙanƙantar girman da IPv6 ta wajabta wa kowace hanya ta ɗauka, sannan ka ƙara girman a hankali har zuwa 1500. Inda amsa ta ɗauke, a nan matsalar take, kuma galibi za ka tarar akwai rami irin na VPN ko PPPoE a tsakani, wanda ke lulluɓe fakiti da ƙarin bayani har ya rage girman da hanya ke ɗauka.

Game da rabon adireshi ba zan tsawaita ba. Ka nemi rukunin adireshi mai girman /48 daga mai ba ku intanet, ka ba kowane yanki na cikin gida /64, kada ka yi tsimi irin na IPv4, domin /48 ɗaya yana ɗauke da yankuna 65,536. SLAAC, wato hanyar da na'ura ke ƙirƙirar adireshinta daga sanarwar rauta, yana buƙatar /64 ɗin. Ka kuma sani cewa wayoyin Android sun daɗe ba sa karɓar adireshi ta DHCPv6, inda saba ce ke raba adireshi, don haka a yankin waya-iska, wato Wi-Fi, ba ka da makawa sai SLAAC. Wannan yana kawo wani aiki: na'urori suna sauya adireshin wucin gadi lokaci zuwa lokaci don kare sirrin mai su, don haka idan kana son sanin wa ya yi me jiya, sai ka riƙa adana teburin maƙwabta na rautocinka, ba kundin DHCP kaɗai ba. A suwic kuma ka kunna RA Guard, mai toshe sanarwar rauta ta bogi, domin kwamfuta ɗaya da aka saita ba daidai ba tana iya shelanta kanta a matsayin rauta, duk na'urorin yankin su bi ta.

Tsarin da nake bi a kullum shi ne daga ciki zuwa waje. Da farko haɗin mai ba da intanet da manyan rautoci, tare da tuna cewa OSPF na biyu, tsarin da rautoci ke sanar da juna hanyoyi da shi, IPv4 kaɗai ya sani, sai ka ɗora OSPFv3 ko ka yi amfani da IS-IS. Daga nan katangar tsaro da sa-ido, sai yanki ɗaya na gwaji, wanda ya fi dacewa ya zama na ma'aikatan fasaha da kansu. Rikodin AAAA na sabobinka shi ne na ƙarshe, domin da zarar ka wallafa shi ka gayyaci duniya ta zo ta wannan ƙofa. Kafin ka wallafa, ka rage wa'adin TTL, wato tsawon lokacin da wasu ke riƙe rikodin a wurinsu, don janyewa ta yi sauƙi, ka tabbatar manhajar tana sauraro a IPv6 ba a 0.0.0.0, wanda ke nufin IPv4, kaɗai ba, ka duba ko akwai rumbun bayanan da aka ware wa adireshi gurbin haruffa 15, wanda ba zai ɗauki na IPv6 ba. Sabar imel ka bar ta a baya ƙwarai, har sai ta samu rikodin PTR, mai mayar da adireshi zuwa suna, kuma ka saka adireshinta a SPF, jerin sabobin da aka yarje wa aika imel da sunanku, in ba haka ba manyan masu karɓar saƙo irin su Gmail za su iya mayar maka da wasiƙu.

A ganina, Malam, kada ka ɗauki tafiyar da biyun a matsayin mazauni. Ba ta rage maka buƙatar adireshin IPv4 ko ɗaya, kuma tana ninka aikin kulawa. Tun yanzu ka ware yanki ɗaya, misali na baƙi, ka mayar da shi IPv6 zalla da NAT64 da DNS64, inda ake ƙirƙiro wa sunayen da ke da IPv4 kaɗai adireshi a ƙarƙashin 64:ff9b::/96 a fassara musu a bakin ƙofa. Kamfanonin waya irin su T-Mobile ta Amurka sun daɗe a kan wannan turba da 464XLAT, dabarar da ke ba manhajojin IPv4 damar aiki a hanyar IPv6 zalla, kuma tun 2016 Apple ta wajabta wa manhajojin rumbunta su yi aiki a hanyar IPv6 zalla, saboda haka wayoyi ba za su ba ka wahala sosai ba. Waɗanda za su ƙi aiki a wannan yanki, kamar tsofaffin firintoci da kyamarori da manhajojin da aka cusa wa adireshin IPv4 a cikin lambarsu, su za ka rubuta ɗaya bayan ɗaya, ka miƙa jerin ga masu sayayya domin kada a sake shigo da na'urar da ba ta iya aiki da IPv6 zalla.