Kamfanin haƙar zinare ya shigo gonakinmu da lasisi, ya za mu yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya ƙoƙari. Ni manomi ne, gonar da nake nomawa gado ce tun daga kakanmu. Wata biyu da suka wuce wasu mutane suka zo da motoci suna auna gonakinmu suna kafa turaku masu jan fenti, da muka tambaya suka ce kamfani ne, wai gwamnati ta ba su lasisin haƙar zinare a wurin. Yanzu gari ya rabu biyu, wasu dattawa sun ce a karɓi diyya a haƙura tunda ba a ja da gwamnati, matasa kuma sun rantse duk ranar da katafila ta shigo sai sun cinna mata wuta. Ni dai tsoro nake ji kar a zubar da jini kuma kar mu rasa gonakin. Mece ce mafita don Allah?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kawo muku sauƙi. Gaskiya na ji daɗi da ka yi tambayar nan yanzu tun turaku ne kawai a ƙasa, domin ƙarfinku duk yana nan ne kafin injin farko ya taɓa gona. Da zarar an kankare ƙasa an fara rami toh magana ta koma ta roƙo, abin da za ku samu sai abin da aka ga damar ba ku.

Bari in fara da lasisin nan da ya tsorata dattawanku. A mafi yawan ƙasashen duniya abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, ko da kuwa gonar taka ce gaba da baya. A Najeriya sashe na 44(3) na tsarin mulkin 1999 ne ya faɗi haka, a Gana ma tsarin mulkinsu na 1992 haka ya tanada, ƙasashe ƙalilan ne irin Amurka inda mai fili zai iya mallakar ma'adinin da ke ƙarƙashin filinsa. Kenan dattawan suna da gaskiyarsu ta wani gefen, kuma dokar ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ma cewa ta yi haƙar ma'adinai tana gaba da sauran amfanin da ake da ƙasa, ba zan ɓoye maka wannan ba. Amma ita dai wannan dokar ce ta ce sai an sanar da mai gona ko wanda ke zaune a kanta an nemi amincewarsa, sai an biya kuɗin hayar saman ƙasa duk shekara, sai an biya diyyar amfanin gona da itatuwa da gine-gine, kuma mai lasisin haƙa ba zai fara aiki ba sai ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da al'ummar wurin wadda ake sake dubawa duk bayan shekara 5. Saboda haka abu na farko ku nemi kwafin lasisin ku gani da idonku, wane iri ne, domin lasisin bincike daban na haƙa daban, kuma sau da yawa mutane na zuwa da na bincike su fara aikin haƙa da shi. Ku duba iyakarsa ya kai gonakinku ko bai kai ba, sannan ku tambaya wa ya sa hannu a takardar amincewa da sunanku. A nan ne yawanci ake gano ɓarnar, za ka tarar mutum ɗaya ko biyu ne suka sa hannu a ɗaki a madadin gari guda.

Su kuma matasa don Allah ka zauna da su ka faɗa musu cewa ranar da suka ƙona katafila ranar suka miƙa wa kamfanin nasara a hannu. Maganar gona za ta ɓace, a koma maganar laifi, a turo jami'an tsaro, waɗanda ya kamata su zauna a teburin sulhu su koma neman beli. Fushinsu yana kan hanya, ni ban ga laifinsa ba, aiki kawai za a ba shi. A ba su wayoyi su bi gona gona su ɗauki hoto da bidiyo, su rubuta sunan mai kowace gona da girmanta da abin da ake shukawa da buhu nawa take bayarwa a shekara, su ƙirga itatuwa ɗaya bayan ɗaya, su auna zurfin ruwan kowace rijiya da igiya su rubuta kwanan wata, a ɗebi ruwan rafi da na rijiyoyi a kai ɗakin gwaji a ajiye sakamakon. Wannan aikin na sati biyu ya fi duk wata zanga-zanga, domin nan da shekara uku in rijiya ta ƙafe ko ruwa ya canza launi abin da za a ce muku shi ne ai dama haka yake, kuma ba ku da abin ƙaryatawa sai wannan takardar.

Maganar ruwa ce nake so ku fi riƙewa, ta fi maganar fili zafi duk da mutane ba sa ganewa sai daga baya. Wankin zinare yana shan ruwa ba kaɗan ba, kuma ana amfani da zaiba ko sinadarin sayanayid wajen ware shi daga ƙasa, wanda gonarsa ke can ƙasan rafi da nisan kilomita biyar bai sayar da ko taku ɗaya ba amma shi zai sha dauɗar. Ka dubi yadda haƙar zinare ta barkatai da suke kira galamse ta mayar da kogin Pra da Ankobra a Gana ruwan laka, ta cinye gonakin koko. Ka tuna kuma abin da ya faru a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu sanadin gubar dalma, saboda ana kawo duwatsun cikin gida ana daka su ana niƙawa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Sai da aka bi gida gida ana kankare ƙasar sama ana zuba sabuwa kafin likitoci su iya yi wa yaran magani ya kama. Shi ya sa ko wa ke haƙar, kamfani ne ko 'yan gari, wurin niƙa da wanki dole ya zama nesa da gidaje da ruwan sha, wannan ba abin ciniki ba ne.

Na taɓa zama a wani sulhu irin naku, an kwana biyu ana ta jayayya kan kuɗin hekta, maza ne zalla a wurin. Rana ta uku wata tsohuwa da ba wanda ya gayyace ta ta shigo da ruwa a gora ta ajiye a gaban injiniyan kamfanin ta ce ɗana sha mana. Ruwan ja ne kamar an jiƙa bulo. Bai sha ba, kuma daga wannan lokacin aka fara maganar da ya kamata a fara da ita tun ranar farko. Tun daga nan ba na yarda a kafa kwamitin tattaunawa babu mata a ciki, babu masu noman aro da haya waɗanda sunansu ba ya kan kowace takarda amma su ne za su fara jin yunwa, babu makiyayan da hanyarsu ta zuwa mashaya ta ratsa wurin. Duk wanda aka bari a waje shi ne rikicin shekara mai zuwa. Kuma ku yanke tun yanzu cewa ba mai ganawa da kamfanin shi kaɗai, duk zama a fili a yi shi, a rubuta, a karanta wa jama'a da harshen da suke ji. Mai shiga tsakani ma ya zama wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi, lauyanku kuma naku ne, kar ku karɓi wanda kamfani ya kawo muku kyauta.

Kuna iya cewa a'a, an yi a wasu wuraren kuma ya yiwu. A Tambogrande ta ƙasar Peru manoman mangwaro da lemun tsami sun shirya ƙuri'ar gari a 2002, sama da kashi 90 cikin 100 suka ƙi aikin wani kamfanin Kanada mai suna Manhattan Minerals, zuwa ƙarshen 2003 gwamnati ta janye masa damar. A Indiya a 2013 kotun ƙoli ta mayar da hukunci hannun majalisun ƙauyukan tsaunin Niyamgiri, ƙauyuka 12 duk suka ƙi haƙar da wani kamfani mai suna Vedanta ke so. Amma duk su biyun kansu a haɗe yake kuma sun ɗauki shekaru suna fama, gari mai baki biyu kamar yadda kuke yanzu ba zai iya ba, sai kun fara sulhunta kanku.

In kuma kun ga amincewa ce ta fi muku, toh ku guji kuɗin dunƙule na sau ɗaya. Manomi in aka ba shi kuɗin gonarsa a hannu shekara biyu sun ƙare, ga shi ba gona ba sana'a, na ga wannan ya fi a ƙirga. Hatta ƙa'idojin reshen Bankin Duniya mai ba kamfanoni rance na 2012 cewa suka yi wanda rayuwarsa ta dogara da ƙasa a fifita ba shi wata ƙasar madadin tasa. Ku nemi gona madadin gona mai irin albarkarta, ko haya ta shekara-shekara mai wa'adi wadda gonar za ta dawo hannunku. A rubuta cewa ba za a shiga gona ba sai an girbe abin da ke ciki, a fitar da fadama da maƙabarta da mashaya daga taswirar aikin gaba ɗaya. Sannan a rubuta cewa ƙasar sama, wannan baƙar da ba ta wuce kamu ɗaya ko biyu ba wadda take ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin ta taru, za a kwashe ta daban a tara a gefe, kar a cakuɗa ta da jar ƙasar rami, in an gama a cike ramin a shimfiɗa ta a sama. Kuɗin wannan gyaran kuma a ajiye shi a wani asusu tun kafin a fara haƙa wanda kamfanin ba zai iya cirewa shi kaɗai ba, domin ranar da zinaren ya ƙare ko aka sayar da lasisin ga wani ba za ku sake ganin motarsu ba, don haka a sa a takardar cewa duk wanda ya sayi lasisin ya sayi alƙawuran da ke kansa.